Ƙarancin alƙaluma ba shi ne rashin cuta ba

Har yanzu ina jin ana cewa korona ba ta shiga wasu jihohi sosai ba, tunda alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta riƙa fitarwa kullum a lokacin annobar ba su da yawa a can. Maganar ta yi kama da gaskiya, amma tana damuna. Alƙaluman nan na waɗanda aka yi wa gwaji aka same su da cutar ne kawai. Inda gwaji ya yi ƙaranci, lissafi sai ya tsaya cak, cutar kuwa tana ta yawonta.

Dubi Kano a watan Afrilun 2020. Masu haƙa kabari suna ta kokawa da yawan gawarwaki, galibi dattawa, a daidai lokacin da aka dakatar da gwaji na wasu kwanaki. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da nasaba da korona.

Shi ya sa masu bin diddigin annoba suke kuma duba cikar gadajen asibiti, buƙatar iskar oksijin, da yawan jana'iza idan aka kwatanta da na shekarun baya.