Nasiha Ga Matasan Iyaye Kan Haƙoran Yara Kafin Famfara

'Yan uwana matasa da Allah ya fara azurtawa da 'ya'ya, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wadda nake roƙon mu daina faɗinta. Idan aka ga haƙorin yaro ya yi baƙi ko ya yi kogo, sai a ce: "A bar shi, ai na yarinta ne, zai fita wani ya fito." Na ji wannan magana daga bakin masu ilimi da marasa shi, kuma na ga abin da ta haifar a cikin danginmu, shi ya sa na ga ya wajaba in yi bayani gwargwadon abin da na sani.

Haƙoran yarinta guda 20 ne, 10 a sama 10 a ƙasa: na gaba 8, fiƙoƙi 4, matauna 8. Na girma kuwa 32 ne idan sun cika. Ginin na yarinta yana farawa tun jariri yana ciki, wajen mako na 6 da shigar ciki, kuma suna fara ƙarfi tun wajen wata na 4, don haka abincin mai juna biyu yana da hannu a ingancinsu. Yawanci na farko yakan ɓullo wajen wata 6 da haihuwa, biyu na gaba a ƙasa, sannan sauran su biyo baya har su cika kafin yaro ya kai shekara 3. Wani yaron yakan riga wannan lokaci, wani ya ɗan makara, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne bambancin ƙirarsu. Kowane haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, sannan a can tsakiya akwai ɓargo inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. A haƙorin yarinta wannan ɓawo siriri ne, kaurinsa kusan rabin na babba, ɓargon kuma yana da faɗi idan aka kwatanta da girman haƙorin, wato yana kusa da waje. Ma'anar wannan ita ce ɓarnar da za ta daɗe tana cin haƙorin babba kafin ya ji ta, a bakin yaro cikin 'yan watanni za ta iya isa ga jijiya. Daga nan sai kukan dare, da kumburin kumatu, da ƙin abinci, iyaye kuma su yi ta neman dalili a wani wuri.

Sannan haƙorin girma ba daga nesa yake zuwa ba. Yana kwance a cikin muƙamuƙi, a ƙarƙashin na yarinta, yana ginuwa a hankali shekara da shekaru. Saiwoyin matauna na yarinta ma a buɗe suke kamar ƙafafun murhu, domin su rungumi sabon da ke tsakaninsu. Idan lokaci ya yi, saiwar tsohon takan narke a hankali, shi ya sa haƙorin famfara yake faɗowa kusan babu saiwa. Idan ruɓa ta kai ga saiwa ta tara mugunya, tana iya taɓa sabon da ke ƙasa, ya fito da tabo ko da ɓawo mai rauni wanda mutum zai rayu da shi. Idan kuma aka cire na yarinta tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan karkato su cinye gurbin, sai sabon ya rasa hanya ya fito a karkace ko ya hau kan wani. Mu tuna cewa famfara tana farawa wajen shekara 6, amma matauna na ƙarshe ba sa fita sai wajen shekara 10 zuwa 12. Haƙorin da muke cewa "zai fita" yana iya kasancewa da sauran aikin shekara 7 ko 8 a gabansa.

Akwai wani haƙori da rashin sani yake jawo asararsa fiye da kowanne. Wajen shekara 6, babban matauni na dindindin yakan fito a can ƙurya, bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa suna ɗaukarsa a matsayin na yarinta. Ɗan yayata yana da shekara 8 aka kai shi asibiti bayan ya kwana uku yana riƙe da kunci, an gwada ruwan gishiri da kanumfari ba a dace ba. Da likita ta haska bakinsa, sai ta nuna wa mahaifiyarsa wani rami baƙi da ya cinye rabin haƙorin, ta ce sai an cire. Yayata ta ce ba komai, ai wani zai fito. Likitar ta girgiza kai ta ce mata wannan ba ya da magaji. Har yau ina tuna yadda fuskarta ta sauya, domin ta daɗe da ganin baƙin, ta yi ta jiran famfara.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗora wa fitar haƙori kowace cuta. Gaskiya ne yaro yakan yi dalala, dasashinsa ya yi ƙaiƙayi, ya riƙa rigima da cizon abin da ya samu. Amma zazzaɓi mai zafi da gudawa da amai ba aikin haƙori ba ne. Lokacin ya zo daidai ne da sa'ar da kariyar da ya samo daga jikin uwa take raguwa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, aka kuma fara ba shi kunu da sauran abinci. Cewa "haƙori ne" ta sa an zauna da yara a gida alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarewar ruwan jiki. Kada kuma mu manta da abin da ya faru a Najeriya daga ƙarshen 2008, lokacin da maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya lalata ƙodar yara ya hallaka fiye da 80. Yaro mai fitar da haƙori ba ya bukatar irin waɗannan haɗe-haɗen; shafa dasashi da yatsa mai tsabta ya wadatar.

Abin da ke cin haƙori ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki, suna cin sukari su fitar da tsami mai zaizaye ɓawo, kuma yawan lokutan da zaƙi ke taɓa haƙori ya fi yawan zaƙin illa. Yaron da ake rarrashi da alawa da biskit da lemon kwalba daga safe zuwa dare, ko wanda yake barci da bulumboti mai shayi da sukari a baki, haƙoransa ba sa samun hutu, musamman da dare da yawu yake raguwa. A fara goge masa baki tun fitowar haƙori na farko, safe da dare, da burushi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, kwatankwacin ƙwayar shinkafa kafin shekara 3, kwatankwacin ƙwayar wake bayan haka, kuma babba ya riƙa taya shi har wajen shekara 7. Mu al'umma ce da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ba don gudun tsananta mana ba da ya umarce mu da asuwaki a kowace salla, don haka bai dace mu tsabtace bakinmu mu bar na 'ya'yanmu ba.

Ina roƙon kowane uba da kowace uwa su zaunar da ɗansu a wuri mai haske ko da sau ɗaya a wata, su ɗaga leɓensa su duba gindin haƙoran sama, domin farin tabo kamar alli a gefen dasashi shi ne farkon ruɓa, kuma a wannan mataki ana iya tsayar da ita. Idan yaro ya kai shekara 6, a ƙirga daga tsakiyar baki zuwa ƙurya a kowane ɓangare: biyar na farko su ne gurbin na yarinta, na shida kuwa na dindindin ne, kuma duk baƙin da aka gani a kansa a kai shi wurin likitan haƙori a makon.