Aikin soja ba albashi kaɗai ba ne

Wani mai rubutu ya ce aikin soja mafita ce ga matasa saboda albashi ba ya yankewa, ga fansho. Gaskiya ne, amma ya haɗa kowa a kwando ɗaya. Wanda ya shiga NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, ya fito hafsa da digiri, rayuwarsa daban take da ta kurtun da ya yi 'yan watanni a Depo ta Zariya aka tura shi Barno. Ƙanena kurtu ne, da albashinsa ya yi wa Inna rufin kwano, ban raina ba. Amma in aka yi sati babu sabis a inda yake, Inna ba ta barci, waya na ƙarƙashin matashinta, ko kiran kuskure aka yi sai gabanta ya faɗi. Mun dai ji abin da ya faru a Metele ta jihar Barno a 2018, inda 'yan ta'adda suka kai hari sansanin soja suka kashe sojoji da yawa. Malam da kake cewa "ai kowa da ajalinsa", haka ne, amma ɗanka na cikinka za ka cike wa fom ɗin kurtu, ko sai na NDA?