Zani nawa ta jiƙa?

Tambayar da nas ɗin ta fara yi mana ke nan a daren da muka kai ƙanwata asibiti, yau shekara huɗu. Ko katin awo ba ta nema ba. Ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta taɓa tafin hannunta, ta juyo ta ce, "Zani nawa ta jiƙa?" Innarmu ta ce uku. Ungozomar da ta biyo mu ta ce biyu ne, na ukun ai ruwan faya ne. Ni da mijinta muna tsaye a bakin ƙofa, babu wanda ya san amsar a cikinmu.

A gida ta haihu bayan Magariba, yaro namiji, lafiya ƙalau. An yi guɗa, an yanke cibiya, mabiyiya ta faɗo, har an ɗora ruwan wanka. Jini na zuba, amma tsofaffi suka ce a ƙyale shi, dattin ciki ne ke fita, in ya kwanta a ciki shi ne ciwo. Sai wajen sha ɗayan dare ta riƙo hannun Inna ta ce, "Inna, duhu nake gani." Nan aka kira ni. Neman ɗan Adaidaita kaɗai ya ci mana kusan awa guda. Da muka isa aka ce leda biyu na jini ake so. Ƙannen mijinta biyu ne suka rako mu, da jin maganar ɗibar jini ɗaya ya ce bai ci abincin dare ba, ɗayan ya fita amsa waya, ba mu sake ganinsa ba sai ranar suna. Ni da mijin aka ɗiba. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Yaron yanzu har ya shiga Islamiyya.

Tun daga ranar tambayar nan ba ta bar raina ba. Ashe wani babban bincike da aka yi da matanmu ya tsaya ne a kan wannan tambayar daidai: ta yaya za a san jinin da mai haihuwa ta zubar ya wuce ƙa'ida tun lokaci bai ƙure ba?

A ma'aunin da likitoci suka daɗe suna aiki da shi, in mace ta zubar da rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, ta shiga haɗari. Rabin lita fa ledar fiya wata guda ce. Ka ɗauki leda ɗaya ka tsiyaye ta a kan zani da katifa da tabarma, da daddare, da hasken cocilan, ka ga ko za ka iya rantsewa cewa ta cika leda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 14 ke gamuwa da wannan zubar jini duk shekara, wajen 70,000 suna rasuwa ta dalilinsa. A ƙiyasin 2023 kuma, daga cikin mata kusan 260,000 da ciki da haihuwa suka yi ajalinsu a duniya, wajen 75,000 'yan Najeriya ne. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu, a ƙasa guda. In ka raba da kwanakin shekara, sama da mace 200 ke nan kullum. Da mota ce ke kifewa da mutum 200 kowace rana a hanyar Kano zuwa Zariya, da tuni an rufe hanyar.

Binciken da nake magana sunansa E-MOTIVE, sakamakonsa ya fito a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci wajen 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suna ciki, a Najeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wani sabon magani a ciki. Leda ce kawai ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, mai aljihu kamar mazurari, an zana mata layukan awo. Jinin da a da zai bi zani da ƙasa sai ya taru wuri guda, ungozomar asibiti tana kallon layi. Da ya kai inda aka ce, ba jiran komai, ba gwada wannan a ga ko zai yi sannan a gwada wancan. A lokaci guda za a murza marar don mahaifa ta tsuke, a yi allurar oksitosin mai ƙara tsuke mahaifar, a yi ta taraneksamik asid mai taimaka wa jini ya tsaya, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai inda ya yage ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale, in abin ya ƙi a kira babban likita.

A asibitocin da aka ci gaba da aiki yadda aka saba, wato awo da ido, kusan rabin matan da suka zubar da jini fiye da kima ba a ma gane ba. A inda aka sa ledar, an gane 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani, da kai mace tiyata saboda jini, da mutuwa ta dalilinsa, in aka haɗa su, sun sauko daga kashi 4.3 cikin 100 zuwa 1.6. Ragin kashi 60 cikin 100 ke nan. Ku lura, waɗanda idonsu ya kasa gane rabin matan nan ma'aikatan asibiti ne da suka yi karatun abin. To ina ga Inna da ungozoma da cocilan? Tun da na karanta wannan na daina ganin laifinsu kan gardamar zani biyu ko uku.

Allurar taraneksamik ɗin nan ma tana da labari mai sosa rai. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta Shosuke suka samar da ita a 1962, kuma burinta tun farko shi ne a ceci masu haihuwa da ita. Likitocin haihuwa na ƙasarta ba su yarda sun gwada ba. Sai bayan kusan shekara hamsin aka fara babban gwaji mai suna WOMAN, da mata wajen 20,000 a ƙasashe 21, Najeriya na ciki. A 2017 sakamako ya nuna in aka yi allurar cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Utako ta rasu a 2016 tana da shekara 98, ba ta ga sakamakon ba. Awa ukun nan nake so ku riƙe. Ƙanwata ta haihu wajen bakwai, mun isa asibiti sha biyu ta gota.

Na san akwai wanda zai ce shi da ya ji an ce bincike sai gabansa ya faɗi, kuma ba zan yi masa dariya ba. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma gudun bincike gaba ɗaya ba zai fisshe mu ba. Abin nema shi ne namu su riƙe aikin, a nemi izinin mace cikin harshen da take ji, sannan in an samo amsa ta dawo wa waɗanda aka yi gwajin da su. Wannan na ƙarshen ne nake ganin har yanzu da sauran aiki.

Domin ledar nan a asibiti take aiki, mu kuwa yawancin matanmu ba a can suke haihuwa ba. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna a Arewa maso Yamma ko mace ɗaya cikin biyar ba ta kai ba wadda ke haihuwa a asibiti. Wannan ba sabon labari ba ne. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya a ƙarshen shekarun 1970, aka buga aikin a 1985, kuma abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa sai abu ya lalace. Shekara arba'in ke nan da sanin wannan. Jikokin matan da ya ƙirga ne yau ake ɗaukowa a bayan Adaidaita da sha biyun dare.

Ga kuma oksitosin, wadda sai a firji take zama da ƙarfinta. Wace ƙaramar asibitin ƙauye ce ke da wutar da za ta riƙe firji a watan Afrilu? An yi gwajin wata allurar mai jure zafi, karbetosin, da mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Najeriya, aka fitar da sakamako a 2018. Amsa tana nan a takarda. Saye da rabawa da biyan ungozomar da za ta kwana a bakin aiki, wannan na gwamnoni ne da kwamishinonin lafiya, kuma in mun je wurinsu mun fi tambayar kujerar Makka da kwangilar kwalbati.

Amma yau da maza 'yan'uwana nake. Mu ne muke fara tanadin ragon suna tun ciki na wata biyar, mu ɗinka shadda, mu yi odar goro da alawa, amma ba mu ware ko kuɗin mota na daren naƙuda ba. Mu ne muke tafiya kasuwar ƙauye ko ci-rani ba mu bar izinin a kai ta asibiti in abu ya taso ba, a zauna ana neman layinmu jini na zuba. Mu ne muke cewa uwata ta haifi goma a ɗaki ba abin da ya same ta, mu manta da kishiyar uwar tamu da ta tafi a haihuwar fari, wadda ko sunanta ba a ambata yanzu. In an ce kwana ne ya ƙare, gaskiya ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce a nemi magani, kuma ban taɓa ganin wanda ya bar shagonsa a buɗe da daddare ya ce tsaro na Allah ne ba.

Maiɗakina yanzu cikinta wata bakwai. Makon jiya na raka ta awo, na zauna a benci cikin mata ana ta kallona, har wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, kai ma awon ka zo?" Da aka kira ta na bi ta ciki na tambayi malamar asibitin ko suna da ledar auna jini a ɗakin haihuwa, ko allurar tasu tana firji, da kuma inda ake samun jini in dare ya yi. Ta amsa biyu, ta ukun ta ce gara na zo da mutanena. Na gwada rukunin jinina da na ƙannena biyu, na rubuta a bayan katin awon. Ɗan Adaidaitar layinmu na ba shi kuɗin mai tun yanzu, ya yi mini alkawarin ba zai kashe wayarsa da daddare ba daga nan har ta sauka.