Ga ƙannena masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo a Katsina

Da ku nake, samarin da ke fita bayan asuba, wasu wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, wasu gidajen ɗaga ƙarfe na cikin gari. Motsa jiki alheri ne, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ke damuna shi ne ƙwayoyin kemis da wasunku ke ƙullewa a leda cikin aljihun wandon wasa, wato deksa don jiki ya cika, da tiramol don kada a ji gajiya.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da Allah ya ajiye. Duk lokacin da ka ɗaga nauyi ko ka tsananta gudu, ƙwaƙwalwa na aika masa saƙo, sai ya saki wasu sinadarai biyu da ake kira adirenalin da kotisol. Su ne ke ƙara bugun zuciya, su tura sukari cikin jini, su hana jini faɗuwa har ka gama atisaye.

To, deksa kotisol ne na masana'anta, kuma ƙarfinsa ya ninka na jikinka kusan sau 25. In ka yi mako uku ko fiye kana sha, ƙwaƙwalwa za ta ga abin ya wadata a jini, ta daina aika saƙon, ƙullin ya kwanta barci. Ranar da kuɗi suka yanke ka daina sha, ka shiga fili cikin zafin Afrilu, jiki zai nemi nasa kotisol ya rasa. Daga nan sai jiri, sai amai, jini ya faɗi, saurayi ya yanke jiki. Wannan hali yana kisa, wallahi. Ita kuwa cikar da ake yaba maka ba ƙwanji ba ce. Fuska ce ke kumbura, tumbi ya fito, cinya da damtse kuwa suna zubewa. Ka lura da wanda ya daɗe yana sha, in ya tsuguna sai ya dafa gwiwa kafin ya iya miƙewa.

Tiramol ma yana danne wannan saƙo idan aka ɗore da shi, yana rage sinadarin mazantaka, yana iya jawo farfaɗiya. Ga shi yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai kafin jijiya ta tsinke. Tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta shi a lokacin gasa, don haka mai burin buga wa Katsina United ya sani. Masu allurar ƙara tsoka kuma, maraina ne ke ƙanƙancewa, maniyyi ya ragu, wani har nono ya fito masa, alhali ko aure bai yi ba.

Wanda ya riga ya daɗe a kan deksa, don Allah kada ya yanke ta rana ɗaya saboda ya karanta wannan. Ka ɗauki kwalin ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibiti, ka faɗa wa likita gaskiyar nawa kake sha da tun yaushe. Shi zai riƙa rage maka a hankali har jiki ya koma yin nasa, kuma ka sassauta atisaye mai nauyi sai ya ba ka izini.