Taƙi Ɗaya na Ƙasar Wani

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa, a Suratul Isra'i aya ta 37 Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu tafiya a bayan ƙasa da taƙama, ya ce ba za mu iya huda ƙasa ba, ba kuma za mu kai duwatsu tsawo ba. Mu mutanen Zamfara ya kamata mu fi kowa gane wannan aya, don mun san rami. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ramin zinare a Anka ko Maru ya ga yadda ake zura matashi da igiya, tocila ɗaure a goshi, guduma a hannu. Bai yi nisa ba numfashi zai fara yi masa wuya, zufa ta rufe masa ido. In ya fito sai a ce wane ya shiga cikin ƙasa. Ina! Ko fatarta bai karce ba.

Daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kimanin kilomita 6,371 ne. Mahaƙar zinare ta Mponeng a Afirka ta Kudu, wadda babu kamarta a zurfi, ta tsaya a wajen kilomita 4, kuma sai an sanyaya ta da ƙanƙara kafin ma'aikata su iya aiki. Tarayyar Sobiyet ta fara haƙa rami a yankin Kola a 1970 da injuna da kuɗin gwamnati, a 1989 suka kai mita 12,262, suka tarar da zafin digiri 180, daga baya aka bar aikin. Bai kai kashi 1 cikin 500 na tafiyar ba. Faɗin ramin kuwa santimita 23 ne, kusan taƙi ɗaya ke nan.

Abin da ya rage sai dai a saurara daga nesa. Idan aka yi girgizar ƙasa, masana kan auna yadda motsin ya ratsa duniya. Wani nau'insa ba ya wucewa ta cikin ruwa, da haka aka gano akwai narkakken wuri a can. Ɓawon da muke noma a kai kaurinsa kilomita 30 zuwa 50 ne. Ƙarƙashinsa dutse ne mai zafi da ke malala a hankali har zurfin kilomita 2,900, sai tafkin narkakken ƙarfe, sai curin ƙarfe a tsakiya mai zafin da ya haura digiri 5,000, wanda wata masaniya 'yar Danmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936.

Ɓawon ma ba a haɗe yake ba. Falle-falle ne, kowanne yana tafiya da saurin da farcenka ke tsiro. Gaɓar Najeriya da ta Brazil a manne suke kafin su rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Bahar Maliya da alhazanmu ke ƙetarawa a jirgi tana ƙara faɗi kimanin santimita 1 duk shekara. Inda fallayen suka cije suka kuɓuce, nan ake kwana da kuka: ranar 6 ga Fabrairun 2023, kafin asuba, Turkiyya da Siriya suka rasa mutum fiye da 50,000 a girgizar ƙasa. Mu Allah ya ajiye mu a tsakiyar falle, nesa da bakinsa. Ba dabararmu ba ce, kuma ban cika jin mai gode wa wannan ni'ima ba.

To, ga inda nake son mu tsaya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ci zalin taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai. Ba na cikin masu cewa ƙassai bakwai su ne hawa-hawan da masana suka lissafa. Fassarar hadisi aikin malamai ne. Ni dai tsoro nake ji. Mutum ya kasa ɗaukar buhun dutse biyu daga bakin rami zuwa injin niƙa, amma ya yarda ya tashi ranar ƙiyama da wannan kaya?

Kuma mun san yadda ake yi. Damina ta kawo kai, sai ka ga an tuge gambar da ke kan iyaka an matsar da ita kunya biyu cikin gonar marayu, don an san uwarsu tana takaba ba za ta fito ba. Wani ya shuke burtali, gobe a ce shanu sun yi ɓarna, jibi a zubar da jini. Wani ya cinye kason ƙannensa mata yana cewa ai suna gidan miji. Wani kuma da zarar an ga farin dutse mai alamar zinare a gonar talaka, sai takarda ta fito daga inda ba a sani ba. Zinaren nan ruwan zafi ne ya hauro da shi ta tsagar duwatsu, ɗaruruwan miliyoyin shekaru kafin a haifi kakan kowa, kuma tare da dalma mai guba ya zo. A 2010 mun ga abin da gaggawa ta jawo: ana niƙa dutse a tsakar gida, yara suna rarrafe a cikin ƙurar, aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne.

Ɗan'uwa, idan ka san akwai kunyar wani a cikin gonarka, kada ka jira a kira ka gaban alƙali. Tun ba a yi shuka ba ka nemi mai unguwa da dattawa biyu da suka san iyakar tun zamanin mahaifinka, ku je tare da mai haƙƙin, ka mayar da gambar inda take da hannunka. Amfanin da ka ci a shekarun baya ku zauna ku ƙiyasta, ka biya ko ka roƙi yafiya a gaban shaidu. In mai gonar ya rasu, magadansa suna nan, kuma ka san ƙofar gidansu.