Allura ta soki ƙanwata a bakin aiki

Wani labari da na ci karo da shi kan ma'aikatan ƙananan asibitoci da jinin majinyata ke taɓawa ya tuna min da ƙanwata, ungozoma a wani asibitin ƙauye a nan Sakkwato. Wani dare tana yi wa mai jego ɗinki da hasken tocila, allura ta huda safar hannunta. Ta wanke da sabulu, ta ja bakinta, don ba ta san wa za ta gaya wa ba. Wallahi har yau abin yana damuna. In allura ta soki mutum haka, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 cikin wata 6, da kuɗinta ta yi. Don Allah hukuma ta riƙa yi wa ma'aikatan rigakafin kyauta tun ranar ɗaukar aiki, a kai maganin har ƙauyuka.