Ecpg ya gama aiki, amma shirinka bai tashi ba tukuna

Wani ƙanena da ke koyon kwamfuta nan Birnin Kebbi ya turo min saƙo da dare wai ya bi da fayil ɗinsa ta ecpg, manhajar da ke sarrafa umarnin SQL da aka rubuta cikin shirin C, babu kuskure ko ɗaya, amma abin ya ƙi tashi. Na ce masa Malam ai ba ka fara ba ma. Da yawa haka suke zato, sun ɗauka ecpg na PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, shi ke haɗa shirin gaba ɗaya, alhali aikinsa kawai ya ɗauki fayil mai .pgc ya mai da duk layin EXEC SQL zuwa C zalla, ya ba ka fayil mai .c, shi ke nan fa. Kamar shinkafar Argungu ce da aka casa, wa zai ce tuwo ya nuna?

Saura gcc, wato manhajar da ke fassara C zuwa harshen na'ura, ya fassara .c ɗin zuwa .o, ka nuna masa inda hedojin ecpg, wato fayiloli masu .h, suke da -I, sannan a ɗaura shi da laburaren ecpg ta hanyar -lecpg. Nan ne mutane ke faɗuwa wallahi, in ka manta -lecpg sai ka ga saƙon kuskure na undefined reference to ECPGconnect, mutum ya koma yana ta tonon SQL ɗinsa alhali lafiyarsa lau. Kuma -lecpg ɗin ka sa shi bayan sunan fayil, ba gabansa ba.